Sarkin Yawa da Sarkin Ƙarfi: Darasin Katunan Hoto na Kwamfutocin Farko

A ɗakunan taro da yawa, na jami'o'i da na ma'aikatu da na otal-otal, har yau akan tarar da wata igiya mai shuɗin kai kwance kusa da majigi. Kan nata yana da 'yan allurai 15 a sahu uku, da kusoshi biyu da ake murɗawa da yatsu. Sunanta VGA, kuma kamfanin IBM ne ya fito da ita a watan Afrilun 1987. A ƙarshen 2010 Intel da AMD da wasu manyan masu ƙera kwamfuta suka sanar cewa za su yi sallama da ita zuwa 2015. Wa'adin ya zo ya wuce, igiyar tana nan, kuma duk wanda ya taɓa zuwa gabatar da muƙala da sabuwar kwamfuta ya san wahalar neman ɗan mahaɗin da zai sada ta da tsohon majigi.

Wannan tsawon rai yana da dalili, kuma dalilin yana cikin shekaru goman farko na kwamfutar ofis, lokacin da kamfanoni suka yi ta gasar ƙera katin hoto, wato farantin lantarkin da ke mayar da lissafin kwamfuta ya zama rubutu da zane a kan allo. A wannan gasa an sha ganin katin da ya fi yawan launi da kyan hoto ya mutu a kanti, wanda bai kai shi ba kuma ya mamaye kasuwa. Abin da ya raba gardama kusan kullum shi ne jituwa: ko katin zai yi aiki da manhajoji da allunan da mutane suka riga suka kashe kuɗi a kansu. Masu saye na wancan zamani sun yi daidai da suka fifita jituwa a kan ƙarfi. Amma jituwar ta zo da kuɗin fito, kuma waɗanda suka fi biyansa su ne al'ummomin da ba a tuna da haruffansu ba ranar da ake zana katin farko.

Katuna biyu, kowanne da rabin bukata

Ranar 12 ga Agusta, 1981, IBM ya gabatar da kwamfutar da ya raɗa wa suna PC, mai lamba 5150. Wata ƙaramar tawaga a garin Boca Raton na jihar Florida, ƙarƙashin jagorancin Don Estridge, ita ta haɗa ta cikin kimanin shekara guda, da kayan da kowa zai iya saya a kasuwa. Kwamfutar ita kaɗai ba ta iya nuna komai. A cikinta akwai gurabe 5 da ake soka katuna, kuma sai an soka katin hoto a ɗayansu kafin allo ya yi haske. IBM ya ba mai saye zaɓi tsakanin katuna biyu.

Na farko, MDA, na rubutu ne zalla. Ƙwaƙwalwarsa kilobait 4 ce, kuma lissafin a fili yake: layi 25, kowane layi da harafi 80, ya ba da gurbi 2,000, kowane gurbi kuma yana cin bait 2, ɗaya na harafin, ɗaya na kamanninsa, kamar ƙarin haske ko jan layi a ƙasa ko ƙyaftawa. Kowane harafi yana zaune cikin akwati mai ɗigo 9 a kwance da 14 a tsaye, saboda haka rubutun yana fita tas a kan koren allon IBM, ma'aikaci ya wuni yana karantawa ido bai gaji ba. Sai dai katin ba ya iya kunna ɗigo guda shi kaɗai, don haka ba ya zana da'ira ko taswira ko jadawalin riba.

Na biyu, CGA, yana zane kuma yana da launi. Ƙwaƙwalwarsa kilobait 16 ce. A yanayin ɗigo 320 a kwance da 200 a tsaye, allon yana da ɗigo 64,000, kuma idan aka ba kowanne bit 2, an cinye bait 16,000. Bit 2 kuwa launi huɗu kawai suke iya bambantawa, shi ya sa wasannin wancan lokaci suka yi ta fitowa da baƙi da fari da shuɗi mai haske da wani ja mai ruwan shunayya. Wanda ya so ɗigo 640 a kwance sai ya haƙura da launi biyu. An tsara katin ne yadda za a iya haɗa shi da talabijin ɗin gidajen Amurka, wannan ya sa layukansa suka tsaya a 200, haruffansa kuma suka takure cikin akwati mai ɗigo 8 da 8, masu kaushi a ido. Yana da wani aibi kuma: idan manhaja ta rubuta cikin ƙwaƙwalwar katin a daidai lokacin da yake karanta ta don ya zana allo, sai fararen ɗige-ɗige su watsu kamar yayyafi.

Akanta a ofis yana bukatar abu biyun duka, lambobi masu fita sosai da kuma zanen da zai nuna wa shugabansa. IBM ya ba katunan adireshi daban-daban a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, MDA a B0000, CGA a B8000, don haka mai hali yana iya soka su tare ya ajiye allo biyu a kan tebur. Amma hakan na nufin kuɗin kati biyu, kuɗin allo biyu, da gurabe biyu daga cikin biyar.

Ƙofar da masu manhaja suka tsallake

IBM ya tanadi hanyar da ya so manhajoji su bi idan za su rubuta a allo. A cikin kwamfutar akwai wani ƙaramin shiri mai suna BIOS, wanda ke aiki kamar masinja: manhaja ta miƙa masa harafi, shi kuma ya kai wa katin. Da kowa ya bi ta wannan ƙofa, da kowane kamfani yana iya ƙera katin da ya ga dama, muddin masinjansa ya fahimci saƙon. Matsalar ita ce masinjan yana da nawa. Cika allo da lambobi ta hannunsa yana ɗaukar lokacin da ido ke gani. A gefe guda kuma IBM ya buga littafin bayanin kwamfutar, har da zanen wayoyinta da rubutun BIOS ɗin kansa, saboda haka kowane mai rubuta manhaja ya san inda ƙwaƙwalwar katin take. Sai suka bar masinja, suka riƙa zuba haruffa kai tsaye a adireshin.

Manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3, wadda ta fito a Janairun 1983, ta yi haka, kuma saurinta yana cikin abin da ya sa kamfanoni suka riƙa sayen PC don ita kawai. Wasan tuƙin jirgin sama na Microsoft, Flight Simulator, shi ma ya shiga cikin katin CGA kai tsaye. Ba a jima ba waɗannan manhajoji biyu suka zama jarrabawar da mujallu da masu saye ke yi wa duk kwamfutar da ta ce ta jitu da ta IBM. Da haka adireshi biyu da wasu ƙananan ƙofofin sarrafa katin suka zama doka, ba tare da wani kwamiti ya zauna ya zartar da su ba.

Waɗanda ba su gane hakan da wuri ba sun ji a jikinsu. Victor 9000, wadda aka sayar a Turai da sunan Sirius 1, tana nuna ɗigo 800 da 400, abin da CGA ba ya ko kusanta. Tandy 2000 ta 1983 tana da ɗigo 640 da 400 da launuka, ga kuma sauri fiye da PC. Kamfanonin DEC da Texas Instruments su ma sun fito da nasu injinan masu kyan allo. Dukkansu suna iya aiki da MS-DOS, tsarin da PC ke amfani da irinsa, amma katunansu ba sa zaune a inda manhajoji ke tsammani. Kowace manhaja sai an yi mata bugu na musamman domin kowace na'ura, masu manhaja kuwa ba su da lokacin yi wa kowa. Mai saye ya shiga kanti ya ga rumbun manhajojin IBM a cike, na sauran kuma 'yan ƙalilan, sai ya yanke hukunci.

Compaq ya bi wata hanya. Kwamfutarsa ta ɗauka-da-hannu, wadda ta shiga kasuwa a 1983, ta amsa kira a adireshin CGA kamar ita ce ta IBM, amma tana nuna rubutu mai kyau irin na MDA a kan allo ɗaya. A shekararsa ta farko ta ciniki kamfanin ya sayar da kayan dala miliyan 111. Tandy ma ya koyi darasi: a ƙarshen 1984 ya fito da Tandy 1000, wadda ba ta kai 2000 ƙarfi ba amma ta jitu da manhajojin PC, kuma ita ce ta samu karɓuwa. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma a wannan kasuwa yawan manhajoji ne ke riƙe da sarautar.

Ɗalibin da ya so rubuta harshensa

Misalin da ya fi kowanne nuna yadda ake ƙara iyawa ba tare da an ɓata wa kowa kaya ba shi ne katin Hercules na 1982. Wanda ya ƙera shi, Van Suwannukul, ɗan asalin ƙasar Tailan ne, kuma ya so ya rubuta kundin digirinsa na uku da haruffan harshensa a kan PC. MDA ba ya da waɗannan haruffa kuma ba ya zane, CGA kuwa ɗigonsa bai isa ya fitar da lanƙwasar haruffan da kyau ba. Sai ya ƙera katin da, idan an kunna kwamfuta, yake nuna kansa a matsayin MDA sak: adireshi ɗaya, rubutu iri ɗaya, koren allon nan da mutane suka riga suka mallaka. Amma idan manhaja ta san sirrin, tana iya juya shi ya koma zane mai ɗigo 720 da 348, kusan ninki biyu na mafi kyan abin da CGA ke iyawa. Hoto ɗaya yana cin ƙasa kaɗan da kilobait 32, katin kuma yana da 64, wato shafi biyu.

Akwai wata dabara a nan da ta cancanci a lura da ita. Shafi na biyu na katin yana faɗawa daidai kan adireshin CGA, wanda zai haddasa karo idan katunan biyu suna cikin kwamfuta ɗaya. Saboda haka aka bar wannan shafi a rufe sai manhaja ta buɗe shi da gangan. Mai ƙera katin ya yi tunanin maƙwabcin da zai iya tararwa a gurbi na gaba.

An sayar da katin a kan dala 499. BIOS na IBM bai san da zamansa ba, kuma IBM bai taɓa amincewa da shi a matsayin ma'auni ba. Duk da haka Lotus 1-2-3 ta koyi magana da shi, akanta ya samu lambobinsa da zanensa a kan allo ɗaya, wasu kamfanoni suka shiga kwaikwayonsa, har "mai jituwa da Hercules" ya zama abin da ake rubutawa a jikin kwali. Wanda ya sayi katin bai yi asarar komai ba, ko da babu manhaja ɗaya da ta san zanensa, domin yana da MDA a hannu. Wannan rashin kasada shi ne ya sayar da shi.

Injin ɗaya, darasi biyu

A 1984 IBM ya fito da EGA, mai ɗigo 640 da 350 da launi 16 daga cikin 64. Katin ya zo da nasa BIOS a jikinsa, kuma ta hanyar 'yan makunnai ana iya haɗa shi da tsohon allon MDA ko na CGA. Jituwarsa da CGA ba ta cika ba. MDA da CGA da Hercules duk suna amfani da ƙwayar Motorola 6845 wajen sarrafa allo, EGA kuwa ya sauya ta, don haka manhajojin da ke taɓa wannan ƙwaya kai tsaye wasunsu suka rikice. Ga shi kuma da tsada. Abin da ya yaɗa shi shi ne kamfanin Chips and Technologies, wanda a 1985 ya tattara aikin katin cikin ƙwayoyi huɗu ya sayar wa duk mai so. Kamfanoni irin su ATI na Kanada suka riƙa fitar da katunan da ke iya zama EGA ko CGA ko Hercules gwargwadon abin da manhaja ta nema. A shekarar da EGA ya fito, IBM ya kuma fitar da wani kati na masu zanen injiniya mai launi 256 a ɗigo 640 da 480, a kan kusan dala 3,000. Ya fi duk sauran ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma yau sai masu binciken tarihi ke tuna shi.

Sai Afrilun 1987, lokacin da IBM ya gabatar da jerin kwamfutocin PS/2, da niyyar ƙwato kasuwar da masu kwaikwayo suka cinye. Injinan sun zo da sababbin abubuwa biyu da makomarsu ta bambanta ƙwarai. Na farko shi ne VGA: ƙwaƙwalwa kilobait 256, ɗigo 640 da 480 da launi 16, ko ɗigo 320 da 200 da launi 256 da aka zaɓo daga cikin 262,144. VGA ya tilasta wa mutane sayen sabon allo, domin siginarsa da kan igiyarsa sun bambanta da na da. Amma ya riƙe amanar manhajoji: abin da aka rubuta domin EGA ko CGA ko rubutun MDA, mafi yawansa ya ci gaba da aiki, sau da yawa ma ya fi kyau. Na biyu shi ne sabon tsarin gurabe mai suna Micro Channel, wanda ya fi tsohon inganci amma ba ya karɓar ko kati ɗaya daga cikin waɗanda mutane suka mallaka, kuma duk kamfanin da zai yi amfani da shi sai ya biya IBM kuɗin lasisi.

Kasuwa ta ɗauki VGA ta kwaikwaye shi a kan katunan da ke shiga tsofaffin gurabe. Micro Channel kuwa, a 1988 kamfanoni tara ƙarƙashin jagorancin Compaq suka haɗa kai suka fito da nasu tsarin, EISA, wanda ke karɓar tsofaffin katuna. Cikin 'yan shekaru Micro Channel ya zama abin da kusan IBM kaɗai ke amfani da shi, daga baya shi ma ya bar shi. Wannan ya nuna irin jituwar da ta fi nauyi. Mutane sun yarda su sayi sabon allo sau ɗaya idan sun ga riba a fili. Abin da ba su yarda da shi ba shi ne a ce su zubar da manhajojinsu da katunansu da ƙwarewar ma'aikatansu, sannan su koma hannun mai sayarwa guda.

Lokacin da babu wanda za a kwaikwaya

Tare da VGA, IBM ya fitar da 8514/A, daga baya kuma XGA, amma kasuwa ta daina bin sawunsa. Kamfanoni irin su Tseng Labs da Paradise da Trident da Video Seven kowanne ya ƙara wa VGA ƙarfi ta hanyarsa, ɗigo 800 da 600, ko 1024 da 768, aka kira su duka Super VGA. Sunan ɗaya ne, amma yadda manhaja za ta kunna waɗannan yanayi ya bambanta daga kati zuwa kati. Mai saye ya biya kuɗin ƙarfin da mafi yawan manhajojinsa ba sa iya taɓawa. Masu rubuta wasanni suka tsaya a inda kowa ya yarda: wasan Doom, wanda ya fito a Disambar 1993, ya yi amfani da ɗigo 320 da 200, shekara shida bayan VGA, a kan katunan da ke iya ninka hakan sau da dama.

Mafita ta zo ta hanya biyu. Masu ƙera katuna da alluna suka kafa ƙungiyar VESA, wadda a 1989 ta fitar da rubutacciyar ƙa'ida ta yadda manhaja za ta tambayi kowane kati abin da yake iyawa. Sannan Windows, musamman daga bugu na 3.0 a 1990, ta mayar da aikin hannun direba, wato ƙaramar manhajar da kowane kamfani ke rubutawa don ta yi tafinta tsakanin katinsa da sauran manhajoji. Daga nan ne ƙarfi ya samu damar yin gasa da gaske, domin an koma ga abin da aka so BIOS ya yi tun farko, wato iyaka sananniya wadda kowa ke tsayawa a bakinta.

Kuɗin fito

Mai adawa da wannan ra'ayi yana da hujja mai ƙarfi. Zai ce bautar jituwa ta daure wa ƙarancin inganci gindi. A 1985 kwamfutar Amiga ta kamfanin Commodore tana nuna launuka daga cikin 4,096, lokacin da yawancin masu PC ke kallon kore ɗaya ko launi huɗu, amma Commodore ya durƙushe a 1994. Zai kuma kawo batun shingen kilobait 640. Ƙwayar Intel 8088 tana iya ganin megabait ɗaya na ƙwaƙwalwa, IBM kuma ya keɓe abin da ke sama da kilobait 640 domin katunan hoto da BIOS da makamantansu. A 1981 wannan fili ne mai yalwa. Da manhajoji suka girma, sai katin hoto ya zama katangar da ke tsakiyar hanya, kuma ba a iya matsar da shi domin dubban manhajoji sun haddace adireshinsa. Fiye da shekara goma masana suna ƙirƙiro dabarun zagaye wannan katanga.

Hujjar gaskiya ce, amma tana nuni ne ga irin jituwar da aka samu, wadda ta tsiro bisa tsautsayi daga nawar BIOS. Laifin yana wuyan wanda ya gina ƙofa mai wuyar bi har mutane suka haura katanga. Mai sayen da ya ƙi zubar da jarinsa don kyan launi bai yi wauta ba, domin aikin ofishinsa yana cikin manhajojin da fayilolin, kuma su ne ya biya wa kuɗi mafi yawa.

Kuɗin fito mafi nauyi yana wajen haruffa. MDA da CGA suna ɗauke da siffofi 256 a cikin ƙwayar da ba a iya sauya abin da ke cikinta, jerin da aka sani da lamba 437. An samu gurbi a ciki domin fuskoki masu murmushi, da alamomin karta, da layukan zana akwati, da wasu haruffan Girkanci, da é da ñ da ü na Yammacin Turai. Ba a samu gurbi domin ã na Fotugis ko ø na Danish ba, balle ƙ da ɗ da ɓ. A yanayin rubutu na waɗannan katuna, Bahaushe ba shi da hanyar bambanta ƙasa da kasa, ko ɓata da bata, sai dai ya jingina wata alama kusa da harafin ko ya bar mai karatu ya yi hasashe. EGA ne ya fara ba da damar loda wasu siffofin haruffa daga faifai, Hercules ma ya ƙara irin wannan dama a katinsa na 1986, amma kowane mai bukata sai ya ƙirƙiro nasa jerin, kuma fayil ɗin da aka rubuta da jeri ɗaya yakan rikice a kwamfutar da ke da wani. Sai da ƙa'idar Unicode ta zo a farkon shekarun 1990 kowane ɗaya daga cikin haruffan nan masu lanƙwasa ya samu lambarsa ta dindindin, kuma an ɗauki shekaru kafin manhajoji da madannai su cim mata.

Japan ta nuna ɗaya fuskar lamarin. Rubutunta yana bukatar dubban alamomi, abin da katunan IBM na farko ba sa iyawa, saboda haka kamfanin NEC ya mamaye kasuwar ƙasar da jerin PC-98, waɗanda suka fara fitowa a 1982 da allo mai ɗigo 640 da 400 da tanadin alamomin a cikin ƙwaya. Injinan ba su jitu da na sauran duniya ba, kuma suna da tsada. A 1990 reshen IBM na Japan ya fitar da DOS/V, wanda ke zana alamomin da manhaja a kan VGA na kowa da kowa. Daga nan kwamfutoci masu araha suka kwararo, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 NEC da kansa ya koma tsarin gama-gari. Da zarar katin kowa ya samu isasshen ɗigo, kuma siffar harafi ta fita daga cikin ƙwaya ta koma manhaja, harshe ya daina zama dalilin keɓewa.

Ga wanda ke sa hannu a takardar saye

Likita ko akanta ko babban sakataren da ke zaune a kwamitin sayen na'urori yau ba zai zaɓi tsakanin CGA da Hercules ba, amma tambayoyin da ke gabansa ba su sauya ba. Mai talla zai zo da lambobi na sauri da girma da yawan abin da tsarinsa ke iyawa, kamar yadda Victor 9000 ta zo da ɗigo 800. Abin da ya kamata a fara tambayarsa shi ne ko sabon tsarin zai karanta bayanan da ma'aikata ta tara a shekarun baya, ko wani kamfani dabam zai iya gyara shi ko maye gurbinsa, kuma ko ƙa'idar da yake bi rubutacciya ce da kowa ke iya gani, ko kuwa irin ta Micro Channel ce mai kuɗin shiga da mai gida ɗaya. Sai kuma jarrabawa irin wadda aka riƙa yi da Lotus 1-2-3: a kawo ainihin aikin da ake yi kullum a gwada shi a kan na'urar kafin a biya. A cikin wannan gwaji ya kamata a rubuta suna irin Ɗanladi ko Ɓaidu ko garin Ƙaura, a adana, a nemo shi, a buga shi a takarda. Tsarin rajistar asibiti ko na makaranta da ya kasa wannan zai ci gaba da ɓata sunayen mutane muddin ana amfani da shi, kuma tarihin katunan nan ya nuna cewa abin da aka girka a ofis yakan daɗe fiye da yadda masu girka shi suka zata, kamar dai shuɗiyar igiyar da ke kwance kusa da majigi tun 1987.